Fatalwar da Ke Ƙarewa a Gaban Alƙali: Finafinan Sarƙaƙiya na Bombai, 1949 zuwa 1969

Cikin dare ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani likita yana tuƙi shi kaɗai a hanyar da babu kowa. Fitilar motarsa ta hasko wata mata sanye da fararen kaya, tsaye a tsakiyar titi. Ya tsaya ya ɗauke ta. Tana shiga, waifar gilashin motar ta daina motsi, ruwa ya rufe masa gani, amma ita tana faɗa masa inda zai bi kamar da rana tsaka. Ta ce ya sauke ta a bakin maƙabarta. Ƙofar ta buɗe da kanta, matar ta shige cikin duhu, sai waifa ta ci gaba da aikinta, daga nesa kuma aka fara jiyo muryar mace tana waƙa.

Da wannan fim ɗin Woh Kaun Thi? ya buɗe a shekarar 1964. Ma'anar sunan ita ce "Wace ce ita?", kuma ita ce tambayar da ta riƙe wani reshe guda na finafinan Indiya har tsawon shekara ashirin. Wanda ya tashi a Kano ko Jos ko Maraɗi ya fi sanin fim ɗin Indiya ta fuskar soyayya da dambe da rabuwar 'yan'uwa tun suna yara, domin su ne suka fi cika gidajen silima tun lokacin da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da su a shekarun 1950. Finafinan sarƙaƙiya, waɗanda ke ɗaure mai kallo da fargaba da ƙullin da ba a kwance shi sai a ƙarshe, ba su kai waɗancan yawa ba. Amma har yau a Indiya ana komawa gare su, ana kallonsu sau uku sau huɗu, alhali kowa ya riga ya san wanda ya yi kisan. Labarin da ƙarfinsa ke cikin ɓoye sirri ya kamata ya mutu ranar da asiri ya tonu. Waɗannan ba su mutu ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina su da kuma zamanin da ya haife su. Ba za a iya bayyana shi ba sai an tona ƙarshen wasu daga ciki, saboda haka wanda bai kalla ba ya yi haƙuri.

Tushen abin shi ne Mahal, wanda kamfanin Bombay Talkies ya fitar a 1949, fim na farko da Kamal Amrohi ya ba da umarni. Ashok Kumar ya fito a matsayin wani saurayi mai ilimin zamani da ya zo wani katafaren gida da aka daɗe da ƙaurace masa a Allahabad. Tsohon mai kula da lambu ya ba shi labarin mutumin da ya gina gidan da masoyiyarsa Kamini, da yadda kogi ya cinye mutumin kafin su ji daɗin juna. Sai saurayin ya ga hoton marigayin a bango, fuska sak irin tasa. Agogo ya buga ƙarfe biyu na dare, wata budurwa ta bayyana a kan lilo a cikin lambu, kafin ya isa wurin ta ɓace, lilon yana ci gaba da kaɗawa babu kowa a kai. Madhubala, wadda ta fito a matsayin budurwar, ba ta wuce shekara goma sha shida ba a lokacin.

Duhun da ke cikin Mahal daga Jamus ya zo. Mai ɗaukar hoton, Josef Wirsching, mutumin Munich ne da ya koyi aikinsa a zamanin da masu shirya fim na Jamus suka ƙware wajen sarrafa inuwa, suna haska rabin fuska su bar rabi, suna miƙe inuwar mutum a jikin matakala har ta fi shi ban tsoro. Ya zo Bombai tare da darakta Franz Osten don yi wa Himanshu Rai da Devika Rani aiki a kamfanin da suka kafa a 1934. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Turawan Ingila suka tsare shi a sansani a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, ya shafe shekarun yaƙin a can. Bayan ya fito ne ya ɗauki Mahal. Kyandir a hannun mace, labule mai motsi, fitilar ƙwarya da ke lilo a saman zaure: duk waɗannan abubuwan da daga baya suka zama kayan aikin kowa, a hannunsa aka fara ganinsu da wannan tsari.

Sai dai abin da ya fi hoto tasiri shi ne murya. Ga mai shirya fim ɗin fargaba a Bombai, waƙa matsala ce babba. Fim ba ya kasuwa sai da waƙoƙi shida ko bakwai, domin su ne tallarsa, su ne ke shiga faifan garmaho da rediyo tun kafin a fara nuna shi. Ko a shekarun da ministan watsa labarai B. V. Keskar ya taƙaita waƙoƙin fim a gidan rediyon gwamnati, daga 1952, jama'a sun karkata akalar rediyonsu zuwa tashar Silon, inda Ameen Sayani ke gabatar da shirin Binaca Geetmala duk mako. To amma waƙa tana tsayar da labari, kuma fargaba ba ta son a tsaya. Idan an bar mai kallo ya huta minti biyar yana kallon rawa, tsoron da aka tara masa ya zube.

Amrohi da mai kiɗa Khemchand Prakash sun warware matsalar ta hanyar mayar da waƙar ita kanta fatalwar. Waƙar "Aayega Aanewala" ba hutu ba ce a cikin Mahal. Ita ce ke kiran jarumin, ita ke tashe shi daga barci ta ja shi zuwa inda zai halaka, kuma tana dawowa a duk lokacin da ya yi ƙoƙarin komawa hankalinsa. Lata Mangeshkar ta sha ba da labarin yadda aka ɗauke ta: an tsayar da ita a can ƙuryar situdiyo, tana rerawa tana takowa a hankali zuwa ga makirufo, don muryar ta yi kamar tana tahowa daga wata duniya. A jikin faifan ba a rubuta sunanta ba, an rubuta "Kamini", sunan fatalwar. Masu sauraro suka yi ta tambayar gidan rediyo ko wace ce mai wannan murya, har aka sanar da su. Daga nan tauraruwarta ta fara haske. Shi kuwa Khemchand Prakash bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba, ya rasu a 1950.

Ƙarshen Mahal a kotu yake. Budurwar ta tsaya gaban alƙali ta faɗi gaskiya: ba Kamini ba ce, ba ta taɓa mutuwa ba balle ta dawo. Sunanta Asha, 'yar mai kula da lambun ce, ta girma a gindin gidan da ba ta da ikon shiga ta ƙofar gaba. Ta ga cewa 'yar talaka ba za ta taɓa samun mai gidan ba, amma fatalwa za ta iya, sai ta sa tufafin matacciya. Wannan shi ne zanen da kusan duk waɗanda suka biyo baya suka bi. Fim ɗin yana ba mai kallo aron imani da fatalwa ta hanyar waƙa har tsawon sa'o'i biyu, sannan a minti goma na ƙarshe ya karɓe kayansa ta bakin lauya ko sufeton 'yan sanda. Da an ɗaga farin mayafin kuma, abin da ake tararwa a ƙarƙashi kusan kullum gida ne, ko fili, ko gado.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara biyu kafin Mahal aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, miliyoyin mutane suka tsere suka bar gidajensu a kulle da kayansu a ciki, wasu baƙi suka zo suka shiga. Sai da gwamnati ta yi doka ta musamman a 1950 kan yadda za a kula da dukiyar waɗanda suka yi hijira. Mutanen masana'antar fim da dama cikin masu hijirar suke: B. R. Chopra da Pran daga Lahor suka taho Bombai. A waɗannan shekarun ne kuma jihohi suka fara rushe tsarin zamindar, wato manyan masu ƙasa da ke karɓar haraji daga manoma, jihar Uttar Pradesh ta yi tata dokar a 1950. A 1956 dokar gadon mabiya addinin Hindu ta ba mace cikakken ikon mallakar abin da ta gada. Mai kallon da ke zaune a silima a wancan lokaci ya san abin da ake nufi da babban gida wanda ba a tabbatar da mai shi ba, ya kuma san cewa macen da a da ba a lissafa ta yanzu tana iya tsayawa tsakanin namiji da dukiya. Farin tufa ma ba a banza aka zaɓe shi ba, domin a al'adar Hindu shi ne suturar matar da mijinta ya mutu, wadda ake so ta zauna a ƙurya ba a jin muryarta. A waɗannan finafinai ita ce ke yawo da dare tana waƙa, maza na rawar jiki.

Bees Saal Baad, wato "Bayan Shekara Ashirin", na 1962, ya fi kowanne fito da wannan fili. Hemant Kumar ne ya shirya shi ya kuma yi kiɗansa, Biren Nag ya ba da umarni. Ƙashin bayan labarin daga littafin Conan Doyle ne na karen Baskerville, inda la'ana ke bin magadan wani gida ɗaya bayan ɗaya a cikin fadama. A Ingila abin tsoron kare ne, kuma mai makircin ɗan'uwa ne mai kwaɗayin gado. A Bombai an cire karen, an sa ƙarar mundayen ƙafar mace da muryar Lata. Laifin asali kuma ya zama fyaɗen da mai ƙasa ya yi wa wata 'yar ƙauye har ta kashe kanta. Mai kashe magadan ba kurwarta ba ce, mahaifinta ne, wanda ya zauna a ƙauyen shekara da shekaru a matsayin mai magani da kowa ya yarda da shi. Doka ta kama shi kamar yadda ya wajaba, amma fim ɗin bai ɓoye cewa gidan ne ya fara cin amana ba. Shi ne ya fi kowane fim samun kuɗi a shekararsa.

Bimal Roy, wanda shi kansa ɗan gidan zamindar ne daga yankin Dhaka, ya juya zanen a Madhumati na 1958, da labarin da Ritwik Ghatak ya rubuta. A can jarumin, Dilip Kumar, shi ne ya shirya fatalwar ƙarya: ya samo wata mai kama da masoyiyarsa da ta ɓace, don ta tsorata azzalumin mai ƙasa ya amsa laifinsa. Dabarar ta ci, mugun ya yi iƙirari. Sai can ga wadda aka yi shirin da ita ta shigo a makare tana ba da haƙuri, motarta ce ta lalace a hanya. Wadda ta tsaya a zauren ashe ta gaske ce. Fim ɗin ya lashe kyaututtukan Filmfare tara, bajintar da ba a wuce ta ba sai bayan shekara talatin da bakwai, kuma kusan shekara hamsin bayan fitarsa Om Shanti Om ya ari wannan fage kusan yadda yake.

Akwai wani reshe na birni da ya tashi kafaɗa da kafaɗa da wannan, wanda ba ruwansa da fatalwa. Guru Dutt ya fara shi da Baazi a 1951, Dev Anand yana ɗan caca, mataimakinsa Raj Khosla ya ci gaba da C.I.D. a 1956 kan kisan wani editan jarida. Bombai ce da aka haramta giya a cikinta tun 1949, saboda haka gidan rawa na ɓoye da 'yan fasa-ƙwauri suka zama fagen wasa, kuma babban mugun yawanci attajiri ne mai taimakon marayu da rana. Daga wannan makaranta Raj Khosla ya fito da idonsa na inuwa, kafin ya koma ga mata masu fararen kaya ya yi finafinai uku da Sadhana: Woh Kaun Thi?, Mera Saaya a 1966, da Anita a 1967.

A Woh Kaun Thi? likitan nan na cikin ruwan sama yana da gado mai yawa da zai ci bisa sharaɗin cewa hankalinsa lafiya lau yake. Abokin aikinsa, wanda ashe ɗan'uwansa ne kuma shi ke biye da shi a layin gado, shi ya shirya komai don a haukata shi, ta hanyar amfani da tagwaye mata masu kama ɗaya. Bayanin yana zuwa a gurguje daga bakin ɗan sanda, kuma gaskiya ba ya biyan duk bashin da fim ɗin ya ci. Tagwaye za su iya bayyana yadda aka ga mace ɗaya a wuri biyu, amma ba su isa su sa waifar mota ta tsaya don wata ta shiga ba, kuma mai kallo mai lura zai fita yana jin an ɗan yi masa wayo. Abin mamaki shi ne wannan bai rage wa fim ɗin komai ba. Kiɗan Madan Mohan ya riga ya yi aikin da bayanin ɗan sanda ba zai iya warwarewa ba. Wanda ya koma kallo karo na biyu ya san tagwaye ne, amma da muryar ta taso daga bayan kaburbura sai tsikar jikinsa ta tashi kamar jiya. Sirrin da ake kashewa sau ɗaya yana cikin labarin, shi kuwa tsoron an ajiye shi a cikin waƙa, inda sanin ƙarshe ba ya kai masa.

Gaskiya ne cewa yawancin ƙullin aro ne. Kohraa na 1964 daga Rebecca na Daphne du Maurier yake, Gumnaam na 1965 kuma daga littafin Agatha Christie na mutanen da aka tara a tsibiri ana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Amma Christie ta tara masu laifi ne ba wanda zai tsira, ta bar mai karatu da sanyin jiki. Kasuwar Bombai ba za ta ɗauki wannan ba: dole a samu jarumi da jaruma da za su rayu, dole Mehmood ya ba da dariya a matsayin kukun gida, dole Helen ta yi rawa a bakin teku alhali gawawwaki na ƙaruwa. Gumnaam fim ne mai daɗin kallo, amma a nan ne ɗinkin ya fi fitowa fili, kuma zuwan hoto mai kala ya kori rabin inuwar da Wirsching ya koyar.

Kotu, wadda ke zuwa a ƙarshen labarin fatalwa, ita ce gaba ɗayan labarin a hannun gidan Chopra. A 1959 wani kwamandan sojan ruwa, K. M. Nanavati, ya harbe masoyin matarsa a Bombai. Masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi da ƙuri'a takwas da ɗaya, babbar kotu ta soke wannan ta ɗaure shi, jaridu suka yi ta cin kasuwa, jama'a na cika harabar kotu kamar gidan kallo. A cikin wannan yanayi B. R. Chopra ya fitar da Kanoon a 1960, ba waƙa ko ɗaya a ciki, abin da 'yan kasuwar fim ke ɗauka kamar kashe kai. Wani matashin lauya ya ga alƙali, wanda zai zama surukinsa, yana daɓa wa mai ba da bashi da ruwa wuƙa, da idonsa ya gani, sannan aka kama wani ƙaramin ɓarawo aka kawo shi gaban wannan alƙalin. A ƙarshe mai kama da alƙalin ne ya yi kisan, dabarar da ta riga ta tsufa tun a lokacin. Amma Chopra ya yi amfani da ita don tambaya mai nauyi: idan ido na iya yaudarar lauya mai gaskiya, da wace hujja ake rataye mutum bisa shaidar ganau ɗaya? Ƙanensa Yash Chopra ya maimaita kasadar rashin waƙa a 1969 da Ittefaq, dare ɗaya a gida ɗaya, Rajesh Khanna yana wanda ake tuhuma da kisa ya tsere, Nanda tana matar aure da ya tarar ita kaɗai, wadda ashe tana da gawar da take ɓoyewa. Sunan fim ɗin da kalmar "ittifaƙi" tushensu ɗaya a Larabci, sai dai a can ana nufin abin da ya faru bisa katari.

Wanda ya fi kowa fahimtar cewa masu kallo sun haddace dabarun shi ne Vijay Anand. Bayan Teesri Manzil na 1966, inda ya haɗa binciken mutuwar wata budurwa da ta faɗo daga benen otal da kiɗan R. D. Burman, ya yi Jewel Thief a 1967. Dev Anand ɗan kwamishinan 'yan sanda ne da kowa ke kira da sunan wani shahararren ɓarawon lu'ulu'u mai suna Amar, har wata budurwa ta rantse shi ne ya sa mata zoben alkawari. Jama'ar da aka shekara goma sha takwas ana ciyar da su tagwaye suka gyara zama suna jiran Dev Anand na biyu ya fito. Bai fito ba, domin babu shi. Babu wani Amar, suna ne kawai da aka ƙirƙira aka rataya wa marar laifi, dabarar da ke tuna wa mutum North by Northwest na Hitchcock. Ɓarawon gaske shi ne dattijon da ke kiran kansa yayan budurwar, kuma an ba Ashok Kumar wannan matsayi, mutumin da masu kallo suka saba gani a matsayin alƙali da uba da babban wa. Anand ya yi amfani da amanar da jama'a suka ba fuskar ɗan wasan a matsayin mayafi. Wanda fatalwar Mahal ta yaudara a 1949 shi ne ya yaudari silima guda a 1967.

Bayan haka reshen ya rabu biyu, kowane ɓangare ya tafi da rabinsa. 'Yan'uwan gidan Ramsay, daga Do Gaz Zameen Ke Neeche na 1972, suka ɗauki duhu da maƙabarta suka yi ta yin finafinan tsoro masu araha, inda daga baya dodon ya zama na gaske ba mai buƙatar bayanin lauya. A 1973 kuma Zanjeer ya kawo Amitabh Bachchan, jarumin da ya san mugun tun da wuri kuma ba ya jiran kotu. Finafinan ƙulli ba su ƙare ba, B. R. Chopra ya yi Dhund a wannan shekarar daga wasan kwaikwayon Christie, kuma a 2007 Sriram Raghavan ya sadaukar da Johnny Gaddaar ga Vijay Anand. Amma haɗin nan na waƙa da fatalwa da takardar gado bai sake zama a tsakiyar kasuwa ba.

Gidajen ma sun sauya hannu. A Mera Saaya, Sunil Dutt lauya ne ɗan sarauta da matarsa ta mutu a hannunsa, sai ga wata da aka kama cikin 'yan fashi tana cewa ita ce matar, shari'ar ta koma kan tantance wace ce uwar gidan. An ɗauki sassan fim ɗin a Udaipur, a fadar da ke tsakiyar tafki. Lokacin da kyamara ta isa can, mai sarautar garin ya riga ya mayar da fadar otal tun 1963 don ya iya ɗaukar nauyinta. A 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke kuɗin da ake biyan tsofaffin sarakuna duk shekara, kuma a shekarar ce kamfanin otal na Taj ya karɓi gudanar da fadar.